Baƙin Da Zan Kira Walima, Da Gardamar Da Nake So Su Yi

Akwai majalisar da muke zama bayan sallar isha'i a ƙofar gidan wani abokinmu, ana shan shayi ana taɓa hira har dare ya raba. Ran nan wani daga cikinmu, malamin sakandare ne mai koyar da tarihi, ya jefo tambaya: da za a ba ka iko ka shirya walima, ka kira duk wanda kake so cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, marubuta ko shugabanni, wa da wa za ka aika wa goron gayyata? Nan take wuri ya kaure. Wannan ya ce Shehu Usmanu, wancan ya ce Sardauna, na gefe ya ce shi Malam Aminu kaɗai ya ishe shi. Da aka zo kan abin da za a faɗa musu idan sun zauna, sai na lura baƙin ne kawai suka bambanta, buƙatar ɗaya ce. Kowa ƙara yake so ya kai. Mai Sardauna zai nuna masa masaƙun Kaduna da suka zama kangaye. Mai Malam Aminu zai nuna masa yadda ake sayen ƙuri'a da taliya da sabulu. Mai Shehu zai nuna masa ɓarnar ɓangaren da ba nasa ba. Kuma kowa ya riga ya sakankance baƙonsa zai girgiza kai ya ce, "Gaskiyarka." Ban ji wanda ya kawo a ransa cewa baƙon zai iya ɗago kai ya ce masa bai yarda ba.

Na kwana da abin a raina. Yadda nake gani, mun mayar da magabatanmu shaidun da muke kai wa gaban alƙali bayan mun gama koya musu abin da za su faɗa. Mun dunƙule su sun zama murya ɗaya, muryar da kullum take goyon bayanmu. Alhali abin da suka bari a rubuce yana nuna sun yi saɓani mai zafi, a kan jini da mulki da addini, kowa ya sa sunansa ya kawo hujjarsa. Wannan ɓangaren na gadonsu shi muka fi buƙata yau, shi ne kuma muka fi ɓoyewa. Saboda haka ni tawa walimar, waɗanda suka yi jayayya da juna zan kira, in shimfiɗa musu tabarma ɗaya. Ba zan sa musu magana a baki ba, Allah ya jiƙansu, abin da suka rubuta ko suka aikata ya wadatar.

Shehu Usmanu ba ya cikin baƙina, kuma girmansa ne ya sa. Idan yana zaune babu wanda zai ɗaga murya, ƙaninsa da ɗansa da 'yarsa duk za su sunkuyar da kai, walimar ta koma darasi. Ya isa in tuna cewa shi da kansa, a Najmul Ikhwan, ya umurci almajiransa su karanta littattafan ƙaninsa Abdullahi domin shi ya fi kula da zahirin shari'a, su karanta na ɗansa Muhammadu Bello domin shi ya fi kula da sha'anin siyasa, su karanta nasa domin yana tsare ɓangarorin biyu. Ya san ba a komai suka dace ba, bai kuma ce a ajiye na wani ba.

Buzaye biyu na farko zan shimfiɗa su daf da juna, ɗaya na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗaya na Shehu Muhammadu Al-Amin Elkanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Gazargamu a 1808, Elkanemi ya ɗauki alƙalami ya tambaye su dalilin da ya sa suke yaƙar mutanen Barno suna kama 'ya'yansu. Ya ce idan kafirci ake tuhumarsu da shi, to ga salla ana yi, ga zakka, ga azumi, ga masallatai a tsaye, idan wannan kafirci ne to mene ne Musulunci? Bai musanta cewa akwai ɓarna a ƙasarsa ba. Ya yarda ana cin hanci, ana cin dukiyar maraya, ana aikata abubuwan da shari'a ta hana, amma ya tsaya a kan cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga addini, kuma irin wannan yana nan a Masar da Sham ba a ce mutanensu sun kafirta ba. Bello ya mayar da amsa, shi ma ba da wasa ba. Babbar hujjarsa ita ce Mai, wato Sarkin Barno, ya taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, kuma taimakon maƙiyan Musulmi a kan Musulmi hukuncinsa ya wuce na saɓo kawai. Ya ƙara da maganar yanke-yanken da ake yi a wasu wurare.

Ban zo raba musu gardama ba, malamai sun yi shekara ɗari biyu suna kai da kawowa a kanta. Ba kuma zan ce wasiƙun sun kashe wutar yaƙi ba, domin bayan kusan shekara ashirin Elkanemi ya taso da runduna ya nufo ƙasar Kano, sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi. Abin da yake tsaya mini a rai wani abu ne daban. Yau mun san hujjojin Elkanemi da ƙarfinsu ne saboda Bello ya kwafe su ya sa a cikin littafinsa, Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Mutumin da ake tuhumar jama'arsa da zubar da jinin Musulmi, shi ne ya adana takardar tuhumar a cikin tarihin da ya rubuta da hannunsa, sannan ya biyo ta da amsa. Da ya so da ya taƙaita ta cikin layi biyu ya ce wani mutumin Barno ya kawo shubuha mun rushe ta. Wa zai tuhume shi? Su biyun sun rasu a shekara ɗaya, 1837, ɗaya a Wurno ɗaya a Kukawa, wasiƙun kuwa suna nan.

Ku gwada wannan da abin da muke kira raddi a yau. A yanko daƙiƙa talatin daga karatun awa biyu, a ɗora a TikTok ko Facebook, a yi masa take mai tayar da hankali, mabiya su shigo da zagi har iyaye. Da wuya ka ga wanda ya kawo maganar abokin saɓaninsa cikakkiya, yadda shi mai maganar zai ji ya ce e, haka na faɗa, kafin ya fara warware ta. Kuma masu yin hakan da yawansu da sunan waɗannan bayin Allah suke rantsuwa.

Na uku shi ne Malam Abdullahi na Gwandu, kuma shi na fi ɗokin gani. Shi ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto a 1804. Amma tun kafin a ci Alƙalawa a 1808 ransa ya ɓaci da abin da yake gani a cikin jama'a, har ya bar sansani ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. A waƙoƙinsa da ya tara a Tazyinul Waraƙat ya koka cewa abokansa na gaskiya sun ƙare a fagen fama, an bar shi cikin mutanen da burinsu mulkin garuruwa, da tara ƙwaraƙwarai, da tufafin ƙawa, da dawakin sukuwa a gari. A Kano mutane suka riƙe shi, ya zauna ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya koma gida. Wannan fa ƙanin Shehu ne, wazirinsa, yana faɗin aibin tafiyar da shi ya zubar wa gumi, tun ana cikinta. Da wani zai rubuta kwatankwacin haka yau a kan ƙungiyarsa ko jam'iyyarsa ko masarautarsa, kafin gari ya waye an ce an saye shi. Idan an gama cin abinci zan matsa kusa in ce, Allah ya gafarta Malam, da ka juya baya ka kama hanyar Kano, me mutanenka suka ce da kai, kuma me ya sa ka dawo?

Akwai wasu biyu da zamansu wuri ɗaya zai yi nauyi, amma dole su zo: Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da Waziri Buhari. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Attahiru ya zaɓi hijira, jama'a masu yawa suka bi shi, aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara aka kashe shi tare da ɗimbin mutanensa. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya gabas, ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan, garin yana nan da sunansa har gobe. Waziri Buhari kuwa ya dawo cikin birni da waɗanda suka rage, ya yi sulhu da Turawa bayan ya shawarci malamai, sannan ya rubuta risala yana bayyana dalilinsa da irin damuwar da ta cika masa zuciya: idan kowa ya tafi, wa zai tsaya wa raunana, wa zai riƙe salla da shari'a a garin? Mun saba mu ɗaukaka ɗaya mu yi shiru a kan ɗayan, ko mu yabe su duka kamar abu ɗaya suka yi. Hanya biyu suka ɗauka masu hannun riga, a kan tambayar da har yau ba ta bar mu ba. Duk ma'aikacin da ke tunanin ya ajiye aiki saboda ɓarnar da yake gani ko ya zauna ya rage ta, duk likitan da ke tunanin ya bar ƙasar ko ya haƙura, tsakanin Attahiru da Buhari yake tsaye, ko ya sani ko bai sani ba.

A shimfiɗar mata Nana Asma'u ce a gaba. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da ya fi burge ni a aikinta shi ne tsari. Ta san matar ƙauye mai miji da 'ya'ya ba za ta iya barin gida ta zo Sakkwato karatu ba, sai ta naɗa jajis, dattawan mata amintattu, ta ɗora musu malfa alamar izini, su jagoranci 'yan taru su zo su karɓi karatu cikin waƙa, su koma su koyar a gidaje. Kusa da ita zan zaunar da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta hau dandamalin jam'iyyar NEPU tana neman wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, aka sha kama ta ana ɗaurewa, kuma ba a ba su wannan 'yanci ba sai a shekarun 1970. Ɗaya daga cikin gidan mulki ta yi aikinta, ɗaya kuwa gidan mulki ne ya riƙa kai ta kurkuku. Ba na zaton za su dace a kan hanya, kuma ba na so a yi musu sulhun dole. So nake in ji abin da kowace za ta ce idan aka gaya musu har yanzu akwai garuruwan da yarinya ke tashi da farantin talla ba ta taɓa riƙe allo ko littafi ba.

Goro kuwa a hannun Imam Umaru zan bar shi, mutumin Kano da ya bi hanyar fatake ya zauna a Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi ta ƙasar Gana a 1934. Wanda ya zauna a bakin kasuwar goron Gwanja, ya kuma yi waƙa a kan talauci da wadata, ya fi kowa cancantar ya raba.

'Yan zamani ba za su ba ni wahalar gayyata ba, sun saba zama tare. A Bauchi cikin shekarun 1940 Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa majalisar muhawara ɗaya suke halarta, suna tattauna mulkin En'e da makomar Arewa. A watan Agusta na 1950 aka kafa NEPU a Kano, a cikin watan nan kuma Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. Ciwo ɗaya suka gani, magani ya raba su. Da Sa'adu ya yi waƙarsa yana tambaya ko Arewa jumhuriya za ta zama ko mulukiya, yana jan kunnen sarakuna su gyara tun kafin abin da ya sami sarakunan Indiya ya same su, Mudi Sipikin da waƙa ya amsa masa cewa jumhuriya kawai. Ban manta ba cewa siyasar wancan lokaci ta zo da ɗauri da bulala da kora daga gari, kuma 'yan NEPU ne suka fi ɗanɗanawa. Wannan ma a faɗe shi a gaban kowa a wurin walimar. Abubakar Imam zai zauna a gefe da takarda, domin tun Janairun 1939 da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa aikinsa ke nan, ya saurari masu mulki da talakawa ya mayar da zancensu Hausar da kowa zai gane.

Sai dai da na gama jera sunayen nan na dube su, na ga duk malamai ne da sarakuna da 'yan boko. A zamaninsu wa ke daka furar, wa ke ɗebo ruwan wanke hannu? Shi ya sa akushin farko gaban mutum biyu zan ajiye shi. Ɗaya Dorugu ne, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar, wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi, ya bi wani Bajamushen matafiyi mai suna Barth har Landan a 1855, inda aka rubuta labarin rayuwarsa daga bakinsa da Hausa. Ɗayar Baba ce ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarinta a 1949 da 1950. Baba ba malama ba ce, ba ta rubuta komai ba, amma a bakinta muka ji yadda mahara ke faɗa wa ƙauye, yadda ake kama 'yan'uwa a yi ta fafutukar fansa, da yadda gidansu ma suke da nasu rinjin bayi. Ta kuma faɗi abin da ba mu cika son ji ba, cewa su talakawa Haɓe sun yi maraba da zuwan Turawa, masu sarauta ne ba su so ba. Ina girmama jinin da aka zubar a Burmi har cikin zuciyata. Duk da haka ina so Baba ta faɗi wannan magana Attahiru yana ji, domin ita ma 'yar ƙasar ce, abin da ta gani da idonta ta faɗa, kuma tarihin da ya rufe mata baki bai cika ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce tono irin wannan rage darajar magabata ne, kuma yara ba su da zurfin da za su ji cewa manya sun yi saɓani ba tare da sun raina su ba. Na ɗauki wannan damuwa da muhimmanci, domin na ga samarin da suka tsinci rabin labari a intanet suka mayar da shi abin cin mutuncin mutanen kirki. Amma a ganina abin da ke jawo haka shi ne ɓoyewar. Yaron da aka gaya wa cewa komai lafiya lau aka yi, ranar da ya ci karo da wasiƙar Elkanemi a hannun wanda ba ya nufin alheri, zai ga kamar an yaudare shi, sai ya watsar da duka. Wanda malaminsa ya karanta masa ita a aji, ya karanta masa amsar Bello, ya nuna masa wanda ya adana su, girman mutanen ne zai ƙaru a idonsa. Su da kansu ba su ɓoye ba. Abdullahi da hannunsa ya rubuta kukansa, Buhari da hannunsa ya rubuta uzurinsa. Mu ne muka fi su jin kunyar abin da suka rubuta.

An yi shekaru babu darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, daga baya gwamnati ta dawo da shi, kuma na yi murna. Amma idan abin da za a dawo da shi haddar shekaru ce, 1804 da 1903 da 1914 da 1960, da jerin sunayen sarakuna, to an dawo da kwano babu tuwo. Takardun suna nan, a ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, a Arewa House da ma'ajiyar takardun ƙasa a Kaduna, a jami'ar Zariya, a cibiyar binciken da ke Yamai. Abin da nake roƙo ƙarami ne: ma'aikatun ilimi na jihohinmu su zauna da malaman jami'a su fitar da ɗan littafi cikin Hausa mai sauƙi, shafin dama hujjar wannan, shafin hagu hujjar wancan. Bello da Elkanemi. Attahiru da Buhari. Sa'adu da Mudi. A sa ɗalibi ya fara bayyana hujjar wanda bai yarda da shi ba, har sai 'yan ajin sun gamsu bai rage mata ƙarfi ba, sannan a ba shi dama ya faɗi tasa. Makarantun Islamiyya ma sun fi kowa haƙƙi a kan wannan, tunda malamansu ne.

Da muka sake haɗuwa a majalisa na kawo wa abokin nan namu malamin tarihi 'yan shafuka da na ɗauko na wasiƙun biyu. Ya jujjuya su a hasken fitilar mai shayi, ya ce minti arba'in gare shi a darasi, ajinsa ya haura mutum ɗari, kuma babu mai tambayar wannan a jarrabawa. Na ce na sani. Ya yi shiru yana karantawa har shayinsa ya huce, sannan ya ninke takardun ya sa a aljihun gaba. Ya ce ranar Litinin zai fara da ta Elkanemi, tunda ita ta fara isowa.